Silima a Cikin Soro: Ziyara Zuwa Wani Gida a Jakara

Duk wanda ya san Jakara ya san ba wurin shiru ba ne. Ga hayaniyar 'yan kasuwar Kurmi, ga masu kura, ga 'yan Adaidaita Sahu kowa na danna oda. A unguwar nan aka buɗe silimar Palace a farkon shekarun 1950, ta farko a cikin ganuwar Kano, kuma malamai da dattawa ba su ji daɗin zuwanta ba ko kaɗan. Daga baya aka mayar da ita asibiti. To, a wani lungu da ke bayan wannan hayaniya wani matashi mai aikin tace finafinai ya mayar da tsohon soron gidansu ɗakin kallo, shi na je gani.

Ginin ƙasa ne, irin na kakanni, mai kaurin bango. Mai karatu kada ka raina. Ana rufe ƙofa sai ka ji kamar an ɗauke kasuwar gaba ɗaya. Na sha shiga falon masu hali inda aka kafa talabijin kamar ƙofar gareji, amma ƙasa tayil, gefe gilashi, sai magana ta riƙa karo da bango tana dawowa, jarumi ya yi magana ɗaya ka ji biyu. A nan kuwa kauri ya tare ƙarar waje, kafet da labule masu nauyi sun shanye amsa-kuwwar ciki. Wani abin sa'a kuma, soron dogo ne, tsawonsa ya fi faɗinsa. Ɗaki mai tsawo da faɗi daidai wa daida yakan tara rugugin kiɗa a wasu wurare, ya bar wasu fayau.

An shafe bangon da fenti mai duhu don kada hasken majigi ya dawo ya wanke hoton. Allon inci 120 ne, faɗinsa ya kusa mita 2.7, kujerun kuma suna baya da kamar mita uku da rabi. Lasifika shida ce: uku a gaba, biyu a gefe, sai babbar mai rugugi a ƙasa. Ta tsakiyar nan ta gaba ita ke ɗauke da maganar 'yan wasa, ita ce kuma mutanenmu suka fi yi wa rowa in sun je sayen kaya. Yara suna zama a kafet da tumtum, manya a kan wani dakali da aka ɗaga a baya don kan wani kada ya tare wa wani.

Su wa ke zama a dakalin? Hajiyarsa, da matan gidan, da maƙwabta. Wannan ya fi komai burge ni. Matan da a zamanin Plaza da Orion da Eldorado ba za su taɓa taka ƙofar silima ba don gudun bakin mutane, su ne suka riƙe fim ɗin Hausa a ɗaka tun daga Turmin Danya a 1990. Su suka aiki yara sayen kaset, su suka haddace waƙoƙi. Yau ga babban allo ya iske su har gida.

Amma fa ɗakin ba ya rufa wa kowa asiri. Mun saka wani tsohon faifan bidiyo-sidi, ai kuwa fuskar jarumar ta dagargaje kamar an zana ta da gawayi, ga baƙin fili hagu da dama saboda hoton da na wancan zamani ya fi kusa da murabba'i. Sauti ya fi muni. Kana jin janareton lokeshan yana gurnani a bayan hirar masoya, magana can ƙasa-ƙasa, waƙa na shigowa sai ta daki kunne ka zabura neman rimot. A ƙaramar talabijin duk wannan ya wuce mu. Da aka saka Labarina na Aminu Saira, wanda aka fara a 2020, sai ka ga bambancin kayan aiki ƙarara. Furodusoshinmu, ya kamata kowa ya kalli fim ɗinsa a irin ɗakin nan kafin ya sake shi.

Wahalhalun wurin namu ne na gida. Ƙurar hunturu tana toshe majigi, don haka kullum a lulluɓe yake. Ɗaki ba taga a watan Afrilu sai da na'urar sanyi. Wuta daga batir da sola take zuwa, janareto kuwa yana can bayan gida, nesa, saboda ƙara da hayaƙinsa mai kisa.

Sai ƙofa. Ya sauya ta tana buɗewa waje, ya kuma fasa ta biyu ta tsakar gida. Bakano ba ya buƙatar dogon bayani a kan wannan: gobarar silimar El-Duniya a 1951 ta ci mutum sama da 300.

Matsala ɗaya ta rage, ita ma kaurin bangon ne ya jawo ta: ba a jin kiran salla. Hajiya ta sa an rataya agogo a gefen allo, kuma in magariba ta kusa, ƙofar tsakar gida a buɗe ake barinta.