Tankar da aka gina wa ƙasa, da motar karan Dakusa

A nan Faransa akwai dattawa masu furfura da ke raba dare suna gina ƙasar da ba ta fi tafin hannu biyu ba, don su ɗora mata tankar yaƙi ta roba. Tankar ta wasan yaƙi ce da ake yi a kan tebur. Asalinsa na soja ne: rundunar Furusiya ta karɓe shi a 1824 don horar da hafsoshi, sannan a 1913 marubucin Ingila H. G. Wells ya buɗe wa farar hula ƙofarsa da littafin Little Wars. Yau birnin Nottingham ne cibiyar masu ƙera 'yan sojojin wannan wasa.

Ba tankar ce ke cin lokaci ba, ƙasar ce. Na zauna kusa da wani maƙwabcina yana yin tasa. Ya yanka katako, ya manna masa soso mai tauri, ya sassaƙe shi ya fitar da tudu da kwari, ya shafe da filasta. Kafin ta bushe sai ya danna sarƙar ƙafar tankar a kai, sawu ya fito, don a ga nauyin ƙarfe ya nutse cikin taɓo. Ya tankaɗe yashi da rariya, ya barbaɗa a kan gam da aka sirka da ruwa. Fenti mai duhu ya fara sawa, ya bi da mai haske da busasshen buroshi. Ƙurar da ya shafa wa ƙasa ita ya shafa wa cikin tankar, domin a cewarsa in launinsu ya saɓa, ido zai gane ɗora ta aka yi. Kuma ba ƙasar ko'ina ba ce: ta Normandi ce a bazarar 1944, har da shingen itatuwan gonakinta.

Mu a Dakusa ba mu san wannan ba, alhali ƙira ba baƙuwarmu ba ce. Bayan girbi yaro zai fere kara, ya yayyanka totuwa, ya soke da siraran ɓawonsa, ga mota ta tashi. Wanda ya fi hannu ya buɗe gwangwanin madara ya yi motar langa-langa, ya yanko tayoyi daga tsohon silifa, ya ƙulla mata doguwar waya ta tuƙi. Ba mai gina mata ƙasa, rairayin ƙofar gida ya ishe ta. Darajarta tafiya ce. Wadda ba ta gudu ba mota ba ce. Ta lalace, a yi wata gobe. Wannan 'yanci ina ganin girmansa, kuma yaron da ya ƙirƙiro komai daga kara ya fi mai haɗa abin da ya sayo a kwali basira.

Sai dai akwai abin da muke asara. Turawan nan sun ɗauki ƙaramar ƙasa wurin ajiye tarihi. A gidan tarihin Invalides da ke Paris akwai siffofin garuruwa masu ganuwa da aka fara tarawa a 1668, zamanin Sarki Louis na 14, galibi kan ma'aunin 1 cikin 600. Wasu unguwannin sun sauya ƙwarai, amma ga su nan yadda suke a da.

Tanka ba ta da gurbi a labarin ƙasarmu ta Damagaram. Abin da ke da gurbi shi ne ganuwar Birnin Damagaram da Sarki Tanimu ya gina, da igogin da aka zuba masa a garin, da filin Tirmini inda dakarun Sarki Amadu Kuran Daga suka gwabza da Faransawa a 1899. Ganuwar ta zube sai 'yan kufai, yaranmu kuwa suna jin sunan ne kawai. Kayan aikin duk muna da su: jar ƙasa, ƙaro maimakon gam, tsakuwa ta tsaya a matsayin manyan duwatsun Damagaram, ƙayar aduwa ta zama mashi. Maginan da ke zana bangon gidajen Birni sun san yadda tubali ke zama. A haɗa magini ɗaya da malamin tarihi da yara biyar masu ƙera motar langa-langa, a ba su tebur a makaranta, su fara da ƙofa ɗaya ta ganuwar.