Akihabara, Inda Ake Auna Bindiga Kafin a Yi Wasa da Ita

Wanda ya sauka daga jirgin ƙasa a tashar Akihabara da ke Tokyo, ya fito ta ƙofar kasuwar kayan lantarki, allunan talla masu tsawon bene ne za su fara cika masa ido, ga kiɗan gidajen wasannin kwamfuta na tashi ta ko'ina. Masu sayar da bindigogin wasa na eyasof ba su cika zama a bakin babban titin Chuo ba. Sai an kutsa lungu, wani lokaci a hau matsattsen bene, kafin a tarar da su. Echigoya na cikin shagunan da suka yi suna a wannan harka.

Shagon da na shiga bai da faɗi, amma bangonsa a lulluɓe yake daga ƙasa har silin: AK-47 da M4 da MP5, ga ƙananan bindigogi jere cikin gilashi. Gabana ya faɗi. Duk wanda ya fito daga inda kalmar 'yan bindiga ke cikin labaran safe, dole gabansa ya faɗi. Ga shi babu bakin bututun nan mai ruwan lemo da dokar Amurka ta wajabta a kan irinsu, balle ido ya bambance su da na gaske. Amma a Japan ake, ƙasar da takan yi shekara cur waɗanda aka kashe da bindiga ba su kai goma ba.

Tsananin doka ne ya haifar da sana'ar. Tun 1958 aka kafa dokar da ta hana farar hula mallakar bindiga da takobi sai da ƙwaƙƙwaran sharuɗɗa, don haka masu sha'awar makamai suka koma ga kwaikwayonsu. A shekarun 1970 aka fara ƙera masu harba ƙwayar roba. Faɗin ƙwayar milimita 6 ne, kamar waken suya, wadda aka fi amfani da ita kuwa nauyinta giram 0.2 ne ko 0.25. A 1991 kamfanin Tokyo Marui ya fito da kwaikwayon FAMAS ta sojan Faransa mai aiki da batir: ka ja kunama, ɗan inji ya juya haƙoran ƙarfe, su ja fistan baya su matse sifirin, su sake shi, iska ta cilla ƙwaya. Har yau akasarin bindigogin da ke jikin bangon a kan wannan tsari suke.

A ƙuryar shagon ne na daɗe. Wani ma'aikaci mai furfura ya baje cikin wata M4 a kan shimfiɗar roba, kowane ɗan kusa a cikin faifansa. Ya zaro wata 'yar roba baƙa daga gindin bututun, ya ɗaga ta a fitila yana duba ko ta cinye. Duk sirrin nisa yana jikinta. Tana da ɗan tudu daga sama wanda ke gogar ƙwaya yayin fita, ya sa ta juya da baya, juyin kuma ya riƙe ta a iska maimakon ta yi saurin faɗuwa. Idan aka matse da yawa ƙwaya ta yi sama, idan aka sassauta ta ci ƙasa. Ya mayar, ya ɗaure, sannan ya saita bakin bindigar a wata 'yar na'ura mai auna gudu, ya harba sau da dama yana rubuta lambobin a takarda.

Wannan awo ba ado ba ne. Gyaran dokar da aka yi a 2006 ya sa iyakar ƙarfin ƙwaya mai milimita 6 ta tsaya a kusan jul 0.98, wato wajen mita 99 a daƙiƙa da ƙwaya mai giram 0.2. Bindigar da ta haura haka, riƙe ta ma laifi ne. A Tokyo kuma ɗan ƙasa da shekara 18 ba a sayar masa sai mai rauni ƙwarai, wadda ba ta wuce jul 0.135 ba. A ƙasashen da doka ta fi sassauci, mai son ƙara wa bindigarsa ƙarfi sifirin mai tauri yake fara nema. A nan an toshe wannan hanya, sai gwaninta ta koma wani gefen: bututu mai matsi na milimita 6.03 a madadin na kamfani, roba mai kyau, da ɗan allon lantarki mai sa kunama ta amsa da wuri. A ganina takurar ta amfani masu wasan. Sai dai kada a ruɗe ka, rabin abin da ke rataye a kanta kwalliya ce kawai, irin su fitila da madubin hange da mariƙi kala-kala, masu ƙara nauyi su rage aljihu. Tsofaffin hannu sukan shawarci sabon shiga kada ya buɗe cikin sabuwar Marui sai ta ba shi dalili. Masu aiki da gas kuwa sun fi daɗi a hannu, domin suna dokawa baya idan an harba, amma da sanyin hunturu ya shigo sai su yi la'asar.

Da yawa daga manyan filayen wasa na daji suna jihar Chiba, inda ake wajabta ƙwayar da ke ruɓewa a ƙasa. A cikin gari kuwa akwai na cikin gini, da katangun katako da hasken da aka rage. Ana ba da hayar bindiga da tabarau da abin rufe fuska, kuma ma'aikatan ofis da 'yan mata ba su da wuyar gani a layi. Kafin a fara, alƙalin wasa yakan auna kowace bindiga, ya nanata cewa ba a cire tabarau a fili ko da gumi ya rufe shi, kuma a wurin hutawa dole a zare gidan ƙwaya.

Ƙwayar ba ta barin fenti a jiki, saboda haka babu shaidar da za ta nuna an same ka. Kai ne za ka ɗaga hannu, ka ɗaga murya ka ce an same ka, ka fita. Wanda ya ji zafin ya yi shiru ya ci gaba da harbi, suna kiransa zombi, kuma idan ya maimaita ana iya sallamarsa daga filin. A filin da na leƙa, na ga wani saurayi da ƙwaya ta taɓa gefen takalminsa kawai, ba wanda ya lura, ya ɗaga hannu ya bi bango ya fice.

Da aka tashi, kowa ya zare batir, ya zuge bindigarsa cikin jakar da ba ta nuna siffarta, domin ɗan sandan Tokyo ba ya wasa da wanda ya fito da ita a titi ko a jirgin ƙasa. Na yi ta juya wata ƙaramar Glock a hannuna a shagon ƙarshe da na shiga, farashinta bai fi ƙarfina ba. Da na tuna jami'in da zai buɗe akwatina a filin jirgin Kano, da shingayen da ke kan hanyar gida, sai na mayar da ita cikin gilashi na sayi tabarau.