Soket ɗin Maraɗi da Wayata

Ƙannena, daga Chikaji na tashi, na bi ta Katsina da Jibiya har Maraɗi. A otal ɗin da na sauka, cajata mai ƙafa uku ta ƙi shiga bango, domin soket ɗin Nijar irin na Faransa ne, ramuka biyu zagayayyu. Sai na jona wayar a teburin karɓar baƙi, na fita neman abinci. Da na dawo babu ita, kowa ya ce bai gani ba. Fasfo da sefa sun tsira don suna cikin lalita a ƙuguna. Lambobin 'yan ajinmu da hotunan hanya kuwa sun tafi. Adaftar da za ta ba ni damar yin caji a ɗakina, na sha wuce ta a kasuwar Sabon Gari.