Gado ko Benci? Shekara Shida a Bayan Hiace Tsakanin Madani da Damazin

Watan jiya wani ƙanena da ke fatauci tsakanin Maraɗi da Agadas ya turo min saƙon murya. Ya sayi tsohuwar Hiace, yana so ya gyara bayanta yadda zai riƙa kwana a ciki idan kasuwa ta kai shi garin da ba shi da mai masauki. Ya ce, "Yaya, in sa a kafa min gado wanda ba ya motsi, ko in yi benci biyu da ake haɗewa da dare su zama shimfiɗa?" Na danna wayar zan ba shi amsa, sai na ga na yi minti biyar ina magana ban shiga zancen ba. Na ce bari in rubuta, tunda na gwada duka biyun, kuma kowanne ya ci kuɗina ya ci jikina.

Ni mutumin ƙasar Katsina ne. Na shigo Sudan ina saurayi da niyyar wucewa Makka, kamar dubban da suka riga ni, sai guzuri ya ƙare, aure kuma ya zo. Matata 'yar Mai Wurno ce, garin da ke bakin Shuɗin Nilu, 'yar tafiya kaɗan kudu da Sinnar. Wanda bai san tarihin ba zai yi mamakin jin Hausa da Fillanci a bakin tsofaffin wurin. Bayan Turawa sun kashe Sarkin Musulmi Attahiru a Burmi a 1903, ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya ci gaba da sauran jama'a zuwa gabas, har suka kafa garin a 1906. Da aka gama madatsar ruwan Sinnar a 1925, aka buɗe gonakin audugar Jazira, fadan sama da miliyan 2 in an haɗa da na Manakil. Aikin ya buƙaci hannaye, mutanenmu masu tafiya Hajji a ƙasa suka riƙa tsayawa tsinkar auduga don tara kuɗin jirgin ruwa. Da yawa ba su tashi ba. Jikokinsu na nan a ƙananan ƙauyukan leburori da ake kira kambo, a gefen magudanan ruwa, wasu kuma sun gangara kudu suna su da noman lambu har Rusairis. Ko Balaraben Hartum in ya ce agashe, sunanmu ya kira.

Waɗannan ƙauyuka su ne kasuwata. Ina bin kasuwannin mako da 'yan Sudan ke ce wa umdawarwar, yau nan, gobe can, ina sayar da atamfa, takalman roba, man shafawa, turare da kwanukan silba. Daga Madani zuwa Sinnar kusan kilomita 100 ne, daga nan sai Sinja, sai Damazin. Kwalta guda ce, amma kasuwannin ba a kan kwalta suke ba.

Wani zai ce, a ƙasar da baƙo ba ya rasa wurin kwana, me ya kai ka kwanan mota? Gaskiya ne. Duk ƙauyen da ka sauka za a fito maka da angarib, gadon katako mai saƙar igiya, a kawo shayi, a kawo kisra. Amma kaya fa ba su hawa angarib. Jarinka kaf yana cikin mota, kai kana can zaure, to barcin rabi da rabi ne. Ga sauron Jazira, wanda ruwan magudanai ke kiwo rani da damina. Cikin mota, da gidan sauro da raga a tagogi, na fi samun natsuwa.

Na sayi motar a 2019. Abu na farko da na yi, kuma shi nake so kowa ya fara yi kafin ya je wurin mai walda, shi ne awo. Bayan kujerar direba, tawa tana da tsawon mita 3 ba kaɗan, faɗi kamar mita ɗaya da rabi. Ma'ana babban mutum ba zai kwanta a gicciye ba sai ya tanƙwashe ƙafa. Dole shimfiɗa ta bi tsawon mota, ta cinye kusan mita 2. Abin da ya rage maka bai fi wurin tsayuwar buhu uku ba. Duk gardamar gado da benci a kan wannan mita biyun take.

Hajiya ce ta ci zagayen farko. Ta ce, "Alhaji, motar nan ba taka ba ce kai kaɗai. Biki, suna, gaisuwar mutuwa, mara lafiya, wa za a kira in ba kai ba? Ka sa benci." Usta mai walda a Sinnar ya goyi bayanta. Ya yi min benci biyu, ɗaya a kowane gefe, ƙarƙashinsu akwatuna, da falanki uku da ake jerawa a tsakani da dare, a shimfiɗa soson jingina a kai.

Ba zan ɓata benci ba, ya yi min rana. Ranar kasuwa in na tashi daga ƙauye, mata masu kai kuɓewa da tumatir su cika shi, kuɗin motarsu ya biya rabin mai. Da azahar, in rana ta buɗe, sai in shiga in zauna kamar a ɗaki, in yi lissafi, in sha jabana da abokin ciniki. Fatake na dā ma ai haka suka yi, buzun da mutum ya zauna a kai da rana shi ne gadonsa a zango.

Sai dai su fatake ba su da falanki uku da dila bakwai a kan shimfiɗarsu. Wurin da falankin ke hawa, nan ne kaya suke zama da rana. Don haka kowane dare sai na sauke lodi: kwalayen takalmi su koma kujerar gaba, dilolin atamfa su hau kan juna, wasu su kwana a rufin mota ƙarƙashin tamfol. Sannan a jera falanki, a jera soso, a ɗaura gidan sauro. Da asuba a warware duka. Na taɓa duba agogo, minti ashirin da dare, minti ashirin da safe. A baki ba komai ba ne. Amma ga mutumin da ya wuni tsaye yana ciniki, bayan isha'i, minti ashirin ɗin nan sun fi wunin nauyi. Dare nawa na ce a bar shi, na kwanta a kan benci guda mai faɗin kamu biyu, na tashi wuya a sandare.

Ga kuma gaɓoɓin soso. Katifa guda ba ta da tsagi. Shimfiɗar benci kuwa guntaye biyar ce, kuma duk yadda ka jera su, tsagi ɗaya sai ya faɗo daidai ƙugunka. Ina da shekara arba'in da wani abu a lokacin, na ɗauka wasa ne.

Abin da ya raba ni da benci ruwan sama ne. Ƙasar nan baƙar laka ce, da rani ta tsage har ƙafar jaki ta shige, da damina kuma ta zama kamar sabulu. Wani dare cikin watan Agusta, a hanyar wani ƙauye gabas da Suki, hadari ya rufe ni, mota ta kafe. Ba halin fitar da ko kwali ɗaya waje, ba halin haɗa shimfiɗa kaya na ciki. Kwana biyu na yi a zaune a kujerar direba, ga gadona a baya guntu-guntu ƙarƙashin atamfa. Da wani mai tarakta ya jawo ni, ban iya ruku'u daidai ba har sati uku.

Na koma wurin Usta a 2021 na ce a cire. Ya ce, "Ya Hajj, ka yi shawara da gida?" Na ce bayana ne, ba na gida ba. Aka yi firam na ƙarfe, aka ɗaga shi kamar santimita 60 daga ƙasa, aka ɗora katifa guda cikakkiya. Don kada ya yi ƙara a kan gargada, na sa aka yi masa walda da jikin motar. Ku riƙe wannan, za mu dawo kansa.

Wallahi shekara biyun da suka biyo baya ban taɓa jin daɗin fatauci irinsu ba. In tsaya, in yi salla, in hau gado. Gidan sauro a ɗaure yake kullum. Ƙarƙashin gadon kuma ya zama sito: in buɗe ƙofar baya, atamfa a jere, in jawo wadda ake so ba tare da na taɓa sauran ba. Nauyi yana ƙasa, mota ta fi zama a hanya. Masu shinge ma in sun ce a buɗe, kallo ɗaya ya ishe su.

Amma kada in yi muku rabin gaskiya. Gado ya cinye zama. Tsakanin katifa da rufi ba a iya miƙewa zaune sai an sunkuyar da kai, don haka cin abinci da lissafi suka koma waje, ko a iska ko a ƙura. Fasinja ya ƙare, kuɗin mai ya dawo aljihuna gaba ɗaya. Kayan da ya fi santimita 60 tsayi ba ya shiga. Sannan ga gida. Ranar da aka yi rasuwa a dangin Hajiya can wajen Sinja, mutum biyu kawai na iya ɗauka a gaba, sauran suka nemi motar haya. Ba ta ce min komai ba, wanda duk mai aure ya san ya fi faɗa ciwo.

Yaƙi ya tashi a Hartum a watan Afrilun 2023. Madani ta cika da masu gudun hijira, mu kuma muka ci gaba da lallaɓa kasuwa, muna cewa ba zai iso nan ba. A watan Disamba ya iso. Lokacin ina wani kambo kudu da Madani, inda yayar Hajiya ke aure, kuma surukata tana wurinsu tana jinyar shanyewar ɓarin jiki. Mutum goma sha huɗu ne a gidan, mota ɗaya a ƙauyen da ke da mai, tawa.

Na tsaya a ƙofar baya ina kallon gadon nan. Da benci ne, da kowa ya samu wuri, ko da a matse. Na ɗauko guduma na gwada, walda ta ce ba ta san zancen ba. Da noti aka ɗaure shi, minti goma sun isa. Muka fitar da kayan sito duka, atamfa da turare da komai, muka zuba a ɗakin mai gidan. Aka kwantar da Inna a kan katifa, 'yarta a gefenta da jariri, wasu mata biyu a duƙe wajen ƙafafunta. Yara huɗu suka shige ƙarƙashin gado inda dila ke zama. Biyu a gaba tare da ni. Saura uku: mijin yayar Hajiya da samarinsa biyu.

Ya ce, "Alhaji, ku tafi. Mu maza ne, ƙafa na nan."

Na ce zan dawo in ɗauke su. Mu duka mun san man ba zai kai ba.

Muka kauce wa kwalta, muka bi gefen magudanan ruwa, cikin sanyin Disamba, alkama ta fara kore a gonaki ba kowa a ciki. Tafiyar da ba ta kai awa biyu ba ta cinye mana wuni. Ga abin da har yau nake juyawa a raina: tsohuwar nan ba za ta iya zaman benci na wuni guda a wannan gargada ba. Gadon ne ya kawo ta Mai Wurno da ranta. Gadon ne kuma ya bar mutum uku a baya. Kwana huɗu Hajiya da yayarta ba su runtsa ba, ni kuma ba na iya haɗa ido da su. Ran na biyar da hantsi suka shigo, ƙafafu a kumbure, ƙaramin ba takalmi. Kayan da na bari kuwa ban sake ganinsu ba, kuma ban tambaya ba.

Da Sinja ta faɗi a watan Yunin 2024 muka sake tashi, wannan karon zuwa Gadarif. Kafin tafiyar na sa an yanke gadon da injin yanka ƙarfe, muka zauna a kan tabarma a ƙasan mota. Sai bayan soja sun koma Madani a Janairun 2025 muka fara tunanin gida da kasuwa.

To, ga abin da na gaya wa ƙanena. Ka fara ƙirga dararen da kake kwana a mota cikin wata. In sun haura goma, kai kaɗai kake tafiya, kuma shekarunka sun fara nisa, gado ya fi maka, kada kowa ya ruɗe ka da cewa haɗa benci minti biyu ne. In kwananka a hanya jefi-jefi ne, kana ɗaukar fasinja, ko kai ne mai mota ɗaya tilo a dangi, to benci, amma ka sa a yanka soson yadda tsagi ba zai faɗo a ƙugu ba, kuma ka ware wa kaya wurin da ba sai an taɓa su da dare ba. Kowanne ka zaɓa, a ɗaure da noti, kuma sifanar da ke kwance shi ta zauna a cikin motar.

Ni yanzu rabi da rabi na yi. Gefen hagu siririn gado ne mai faɗin santimita 70, katifa guda, sito a ƙarƙashi. Gefen dama benci mai cin mutum huɗu. Gadon ya yi min kaɗan, in na juya da dare gwiwata na bugun ƙarfe, siton ma bai kai rabin na dā ba, dole na rage kwanuka. Ranar da na kawo motar gida Hajiya ta leƙa, ta ƙirga wurin zama da yatsa, ta taɓa notin guda huɗu ɗaya bayan ɗaya. Ta ce, "Sifanar fa?" Na buɗe aljihun gaban mota na nuna mata.