Uwa Ba Ta Ga Ranar Ba

'Yan uwana mata, labarin Gift Ngoepe na Afirka ta Kudu ya sa ni hawaye. A ɗaki guda ya tashi, a harabar wata ƙungiyar besbol, wasan dukan ƙwallo da sanda, inda mahaifiyarsa ke aikin shara. A 2008 ƙungiyar Pittsburgh Pirates ta Amurka ta ɗauke shi. Ya yi ta fama a ƙananan ƙungiyoyinta, sai a 2017 ya taka babban fili. Kaico, uwar ta rasu tun 2013.

Ni kuwa jiya na ɓoye wa ɗana ƙwallonsa don ya ɓata min shanya. Da safen nan na miƙa masa abinsa, na ce, "Je ka, amma ka dawo kafin magariba."