Ƙonni ba tashar mota ce kaɗai ba

Matafiyi daga Yamai zuwa Maraɗi yakan sauka Birnin Ƙonni, ya ci tsire, ya wuce. To, ya yi hasara. Ƙonni tsohon birni ne mai ganuwa. Cikin 1899 sojan Faransa na kaftin Bule suka fāɗa masa, suka kashe jama'a mai yawa. Ganuwa ta rushe, amma labarin yana nan bakin tsofaffi, in baƙo ya zauna ya tambaya.

Dab da gari akwai Masallata, inda azna ke yin arwa kowace shekara, su duba yadda damana za ta kasance. Mutane na zuwa kallo har daga Nijeriya.

Kasuwa ran Laraba take ci. Mai nufin gabas ya tsaya Galmi ya sayi albasa.