Yadda taurin kai a Fantasy ya sa na wuni da rigar Liverpool a kasuwa

Yau ba maganar sikirin ko bakin caji zan yi maka ba, duk da dai a kan waya abin yake. A satin nan kaɗai mutum uku suka tsaya a shagona, bayan sun karɓi wayoyinsu suka ce, "Mai gyara, wai ya ake haɗa tim mai ƙarfi a Fantasy ɗin Firimiya?" To bari in ba ka amsa da abin da ya faru da ni, don ni da kunya na biya kuɗin makaranta.

A layinmu na masu gyara a Farm Centre muna da gasa tamu ta mutum 14. Ba a sa ko sisi, tunda wasan kyauta ne kuma ba ma son abin da zai kai mu ga caca. Sharaɗi ɗaya ne: wanda ya zo na ƙarshe zai wuni a kasuwa da rigar kulob ɗin da ya fi tsana. Ni ɗan Manchester United ne tun ina firamare. A ƙarshen kakar 2024/25 na wuni ina liƙa sikirin da jar rigar Liverpool, da sunan Salah a gadon bayana. Wanda ya zo na ɗaya kuwa yaron da nake koya wa aiki ne, wanda a lokacin ko canza batir bai gama iyawa ba.

Ga wanda bai taɓa yi ba, ga yadda abin yake. Za ka sauke manhajar Premier League, ka yi rajista da imel, a ba ka fam miliyan 100 na wasa. Da su za ka sayi 'yan wasa 15: gola 2, 'yan baya 5, 'yan tsakiya 5, 'yan gaba 3, kuma ba a yarda ka ɗauki fiye da mutum 3 daga kulob ɗaya ba. Duk sati ka fitar da 11, huɗu su zauna a benci, ka naɗa kyaftin wanda za a ninka masa maki. Abin da suka yi a fili na gaske shi ne makinka.

Ni da na samu miliyan ɗarin nan, abin da na fara yi shi ne na cike gurbin United guda uku, har da Zirkzee da Rashford. Sai na ɗauki Haaland a kan 15.0. Salah yana 12.5, na ce wallahi ɗan Liverpool ba zai shiga tim ɗina ba. Kuma farko kamar na yi dabara. Ranar Juma'ar buɗe kaka Zirkzee ya ci Fulham, Haaland ya zuba ƙwallo 10 a wasa biyar na farko, ni ne a sama, ina ta yi wa mutane ba'a a wajen mai shayi. Ko ranar 1 ga Satumba da Liverpool ta zo har Old Trafford ta ci mu 3-0, Salah ya ci ɗaya ya bayar da biyu, ban ɗauki darasi ba. Haushi ma ya ƙara mini taurin kai.

Ka san yadda kakar ta ƙare. Salah ya ci 29, ya bayar aka ci 18, ya tara maki 344, wanda ba a taɓa samu ba a tarihin wasan. United ta ƙare ta 15. Zirkzee ƙwallo uku ya ci a Firimiya duk shekarar, Rashford kuwa aro aka ba da shi Aston Villa a watan Fabrairu. Yarona duk sati Salah ne kyaftin ɗinsa, bai ma cika taɓa komai ba. In na ce ya canza sai ya ce, "Oga, abin da ke aiki ai ba a kwance shi." Maganata ce fa ya mayar mini, ita nake faɗa masa in ya ɗauko sukundireba zai buɗe wayar da lafiyarta ƙalau.

Amma ba Salah kaɗai ya kayar da ni ba, kuma nan ne nake so ka tsaya ka yi lissafi. Da ka ba Haaland 15.0, saura 85 za ka raba wa mutum 14, wato kusan 6.0 kowanne. Yaron nan ya ɗauki Chris Wood na Nottingham Forest a 6.0 da Mbeumo na Brentford a 7.0. Kowannensu ya ci ƙwallo 20. Miliyan 13 ta kawo masa ƙwallo 40, ni miliyan 15 ta kawo mini 22. Ya ƙara da Ola Aina namu a 4.5, a Forest ɗin da ta yi wasa 13 ba a zura mata ba. Masu tsada kowa ya san su, kuma rabin gasarku na da su, don haka ba su ne ke raba ku ba. Mai arha da ke buga kowane wasa shi ke raba ku. A kakar 2023/24 Cole Palmer da 5.0 ya fara, ya ƙare ya fi kowa maki. Duk shekara akwai irinsa, aikinka ka gano shi kafin farashinsa ya tashi.

Shi ya sa yanzu masu tsada biyu nake ɗauka, in ya yi yawa uku, kuma sai waɗanda zan iya ba kyaftin ba tare da fargaba ba. In ba za ka taɓa ba mutum kyaftin ba, me ya sa za ka biya masa miliyan 12?

Kafin in sayi kowa, tambayata ta farko ita ce: yana buga minti 90? Wanda ya yi minti 60 yana da maki 2 ko bai taɓuka komai ba, wanda aka sako a minti na 80 maki 1 ne. Ɗan baya ma ba ya samun maki 4 na hana cin ƙwallo sai ya kai minti 60 ɗin. Don haka gwanin da koci ke sa shi yau ya ajiye shi gobe, kamar yadda Guardiola ya saba, waya ce mai kyan kwali da mataccen inji. Ta biyu: shi ke buga fenareti ko kwana? Ta uku: a wane gurbi manhajar ta rubuta shi? Ƙwallon ɗan gaba maki 4 ne, na ɗan tsakiya 5, na ɗan baya 6, wanda ya bayar aka ci kuma 3. Salah da Mbeumo a fili 'yan gaba ne, amma a Fantasy a tsakiya aka sa su, kowace ƙwallo da ƙarin maki ɗaya. Tun kakar 2025/26 kuma an ƙaro wani abu: ɗan bayan da ya haɗa tare ƙwallo, share ta da ƙwace ta sau 10 a wasa ɗaya yana samun maki 2, ɗan tsakiya da ɗan gaba sai sau 12. Wannan ya sa 'yan bayan ƙananan kulob, waɗanda ake wuni ana kai musu hari, suka yi daraja.

Sai ka duba jadawalin wasanni biyar ko shida na farko. Manhajar na sa kore a kan masu sauƙi, ja a kan masu wuya. Benci kada ka zuba masa kuɗi, gola na biyu na 4.0 ya isa, amma ka tabbata aƙalla biyu daga cikin sauran suna buga wasa, don su ne za su shigo da kansu in wani naka bai fito ba, bisa jerin da ka yi musu.

Kuskurena na biyu shi ne zafin hannu. Canji ɗaya ake ba ka kyauta duk sati, kuma kana iya tara su har biyar. Duk wanda ka ƙara a kai, maki 4 za a cire. Ni da na ga ana wuce ni sai na riƙa cire uku uku, ina bin wanda ya ci jiya. Da na zauna na ƙirga, maki 52 na zubar a haka, kuma wanda ke gabana a tebur da 31 ya fi ni. Ka gane? Da na naɗe hannuna kawai, da wani ne ya sa rigar. Wildcard, wanda ke ba ka damar sake tim gaba ɗaya ba tare da an cire maki ba, ka riƙe shi sai an yi wasa biyar ko shida ka ga inda kowa ya dosa. Kafin wasan farko kuwa canji ba iyaka, ka rushe ka sake sau ɗari in ka so.

Yanzu ga ɓangaren da ya shafi wayarka. Ana rufe canji minti 90 kafin wasan farko na satin, ba kafin wasan 'yan wasanka ba. In akwai wasan Juma'a da ƙarfe 8 na dare a Ingila, 6:30 an rufe. Daga Agusta zuwa ƙarshen Oktoba agogonmu ɗaya da nasu, bayan nan har ƙarshen Maris sai mu riga su da awa ɗaya, ya zama 7:30 a nan. Lokacin kana rufe shago, ga Magariba, ga sabis na rawa a kasuwa. Sau biyu na canza kyaftin ina cikin Adaidaita, na ɗauka ya shiga, ashe bai shiga ba. Ka sa ƙararrawa a waya tun da safe, in ka canza ka danna wajen tabbatarwa, ka fita daga manhajar ka sake shiga ka gani da idonka. Kuma ka duba alamar rawaya ko ja a jikin sunan ɗan wasa, ita ke nuna rauni ko dakatarwa. In wayarka na kashe manhajoji don tattalin batir, ka cire wannan daga ciki, in ba haka ba sanarwar ba za ta zo ba.

Tim ɗina na bana na jera shi tun shekaranjiya. Ɗan United ɗaya ne a ciki, shi ma sai da na yi masa tambayoyin nan uku. Yarona ya leƙo ya gani, ya ce, "Oga, rigar nan tana nan a ƙasan kanta fa, na wanke ta na goge." Na ce ya bar ta a nan, akwai wani ɗan Chelsea a shago na huɗu da na ga ya ɗauki nasu uku.